Sarƙar Ƙofar Baya

Litinin, 16 ga Oktoba, bakwai da kwata na safe

An mayar da sarƙar.

Na shigo aji na ajiye jaka, na leƙa ƙarshen korido, sai ga ta a ƙofar baya. An zagaya ta sau biyu cikin ƙarafan da ake dannawa ƙofar ta buɗe, an ɗana kwaɗo. Kwana huɗu kacal bayan Alhamis. Har yanzu silin yana warin ƙonanniyar waya. Na tsaya ina kallonta sai ka ce yau na fara ganinta, alhali shekara huɗu ke nan ni ke riƙe da makullinta.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba. Nas ɗin da ke duba mijina Clifton ce ta ce in riƙa rubuta abin da ke damuna, kada hawan jini ya riga ciwonsa kai ni. Shi ya sa na sayi littafin nan. Ba ta ce dole sai na rubuta komai da komai ba.

Makullin yana aljihuna. Na taɓa shi sau uku tun da na zauna.

Litinin ɗin dai, sha biyu da rabi

Mista Garrity, shugaban makarantarmu, ya kira ni ofis lokacin da yara suka tafi cin abinci.

"Zauna mana, Odessa. Kin rame."

"Ban rame ba, rigar ce ta yi mini yawa."

Ya ce 'yan Kolumbus za su zo ranar Laraba, takwas ga Nuwamba. Haka muke kiran ƙungiyar da ta tsaya wa makarantarmu a gaban gwamnatin jiha, don ofishinsu a birnin Kolumbus yake. Su suka sa hannu muka buɗe, su ke da ikon rufe mu. Sau biyu a shekara suke turo Misis Renfro da takardarta mai akwati-akwati, kuma kullum sai sun sanar da mu ranar tun da wuri, don suna da ladabi.

"Kin san bana ba irin ziyarar da aka saba ba ce," in ji shi. "Yarjejeniyarmu ta shekara biyar ta ƙare. Ko su sabunta, ko su sa mana kwaɗo."

Na ce, "Kwaɗo ai muna da shi."

Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce ko na manta dalilin sarƙar? Ban manta ba. Ni ce na ciro wata yarinya 'yar aji ɗaya daga tsakiyar babban titi, ta fita ta ƙofar baya tana bin kyanwa, tirela ta tsaya taku uku daga inda take. A ranar ya sayo sarƙa, ya ce ta sati biyu ce kawai, kafin a sa ƙofa mai ƙararrawa. Mai ginin ya ce aikin makaranta ne, makaranta ta ce aikin mai gini ne. Sati biyun ne har yau ba su cika ba.

Sai ya turo mini takardar wata-wata. Layi ɗaya ne: na duba ƙofar baya, tana buɗuwa ba tare da wani cikas ba. Ƙasa da shi wurin sa hannu. Ajina ne mafi kusa da ƙofar, don haka sunana ne a kan irin takardar nan tun daga ta farko, duk suna cikin babban fayil ɗin da Misis Renfro take dubawa.

Na sa hannu.

Laraba, 18 ga Oktoba, huɗu saura na yamma, cikin mota

Ɗalibata Denaya ta dawo yau. An yi mata ɗori, hannun dama cikin farin filasta tun daga yatsu har sama da gwiwar hannu. Shekararta takwas, ita ce mafi ƙanƙanta a ajin, filastar ta kusa fin ta nauyi.

Kakarta Mama Earlene ce ta kawo ta, da sandarta da hularta ta zuwa coci. Ta miƙo mini kek ɗin dankalin hausa a nannaɗe, da ɗuminsa.

"Malama Odessa, an ce ke kika ɗauko mini ita a hannu kika fito da ita. Allah ya saka miki, 'yata. Yaran yanzu da rawar kai, an ce a fita a hankali, sai gudu, ga shi ta je ta faɗi."

Ta faɗi. Haka rahoton ya ce, haka aka gaya mata a asibiti.

Na ce, "Amin, Mama." Na karɓi kek ɗin da hannu biyu. Yana nan a kujerar gefena, ƙamshinsa ya cika motar, ban taɓa shi ba.

Denaya ba ta ce komai ba duk yini. Yara sun rubuta sunayensu a jikin filastar. Da na ce ta koma wurinta na gaban layi, sai ta girgiza kai ta je can ƙarshe ta tsaya.

Alhamis, 19 ga Oktoba, goma da minti ashirin na safe

Sati ɗaya daidai, daidai wannan lokacin. Makullin yana aljihuna.

Jumma'a, 20 ga Oktoba, ɗaya da rabi

Na je kicin wurin Wanda, mai dafa wa yara abinci. Shekara tara muna tare. Ita ce ranar Alhamis ɗin ta karɓi sarƙar daga hannun Mista Garrity ta cusa ƙarƙashin buhun dankali kafin 'yan kwana-kwana su zagayo baya. Can ɗin ne ma'ajiyarta duk ranar da baƙi za su zo.

Na ce, "Wanda, kina barci kuwa?"

"Kamar gawa. Ke da kika ƙi cin abinci ai dole ido ya bushe. Karɓi nan." Ta tura mini faranti.

"Idan Misis Renfro ta tambaye ki fa?"

"Ta tambaye ni me? Matar da in ta shigo nan firji kawai take buɗewa ta duba sanyinsa ta yi maki? Ni girki aka ɗauke ni, ban san wata sarƙa ba sai ta wuyana." Ta ajiye ludayi ta juyo. "Dessa, kalle ni. Kada ki soma. Kin tuna makarantar da ke bayan tashar bas? Wata Litinin yara suka zo suka tarar da takarda manne a ƙofa, masu tsaya musu sun janye. A tsakiyar zango! Ɗan ƙanwata ya yi wata biyu a gida kafin ya samu wuri, har yau bai dawo daidai ba. Yara ɗari biyu da arba'in ne a ginin nan. Ina za ki kai su, falonki?"

Na ce ni ban ce zan yi magana ba.

"Fuskarki ta ce."

Gaskiyarta. Kuma ba wannan kaɗai ba. Idan maganar ta fito, ba hannun Garrity ne a takardun nan ba, nawa ne. Lasisin koyarwa na shekara ashirin da shida. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar, 21 ga Oktoba, tara na safe, ɗakin jira na asibiti

Clifton yana ciki ana yi masa wankin ƙoda. Talata, Alhamis, Asabar, awa huɗu-huɗu. Inshorar wurin aikina ce ke ɗauke da shi tun da ya bar masana'antar motoci. Ba sai na rubuta sauran ba.

A hanya ya ce, "Dessa, mene ne a aljihun nan naki? Tun jiya kike shafa shi. Ko wani saurayi ne ya ba ki lambar waya?"

"Saurayi, da wannan furfurar?"

"Ni da na gani na ɗauka ai ba makaho ba ne."

Na yi masa dariya. Ya san ta dole ce, ya ƙara murya a rediyo.

Talata, 24 ga Oktoba, sha biyu

Ban ci abinci ba. Wani ya bugo tire a kicin, na miƙe tsaye kafin in san na miƙe.

Alhamis, 26 ga Oktoba, uku da rabi na yamma

Yau aka yi atisayen gobara na wannan watan, don fayil ya cika kafin baƙi. Kamar kullum: ƙarfe tara na cire sarƙar na sa a kabad, tara da rabi Mista Garrity ya danna ƙararrawa, yana riƙe da agogo. Yara suka miƙe suka jeru suka nufi ƙofar baya, suka danna, ta buɗe tsaf. Minti ɗaya da daƙiƙa goma. Ya rubuta, har da cewa mun fi na watan jiya.

Sai yau abin ya faɗo mini a rai sosai. Wata-wata, shekara huɗu, ni da kaina nake koya wa yaran nan cewa in sun ji ƙararrawa su ruga ƙofar nan. Sun koya kuwa. Yara ne masu jin magana.

Denaya ba ta tashi ba. Ta shige ƙarƙashin tebur ta rungume filastarta. Sai da na durƙusa na ce, "Ta wasa ce, 'yar gidana, zo ki gani, a buɗe take," sannan ta fito, tana riƙe da gefen siket ɗina.

Ƙarfe goma na mayar da sarƙar da hannuna. Da na juyo, tana tsaye a bakin aji tana kallona.

Litinin, 30 ga Oktoba, bakwai na safe

Sanyi ya sauko. Na sauya riga mai kauri, na isa mota, na koma cikin gida a guje don makullin yana aljihun ta jiya. Clifton ya bi ni da ido.

Laraba, 1 ga Nuwamba, sha biyu da kwata

Na kira Kolumbus. Lambar tana manne a bangon ofis ƙarƙashin rubutun da ya ce duk mai ƙorafi ya kira. Na fita na zauna a mota na danna, ina addu'ar kada a ɗauka.

Misis Renfro da kanta ta ɗauka.

"Ah, Malama Odessa! Ta aji uku ko? Mai kifayen takarda a silin! Wallahi makarantarku ita ce nake zuwa hankalina kwance. Makarantu sha tara ke hannuna, da duk irin taku ne da na huta. Me zan yi miki?"

Na buɗe baki. Na ji muryata tana cewa, "Dama tambaya zan yi, ƙarfe nawa za ki iso ranar Laraba?"

"Tara daidai. Zan zo muku da donot, fanken nan mai suga da kuke so."

Na yi godiya na kashe. Matsoraciya. Tsohuwar banza matsoraciya, mai koya wa 'ya'yan mutane cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, huɗu na yamma

An fara fentin korido. Na gaya wa yara sati mai zuwa muna da baƙi, kowa ya zo da tsabtarsa. Da aka tashi Denaya ta tsaya a baya tana fama da zif ɗin jaka da hannu ɗaya. Na ja mata. Sai ta yi magana, karo na farko da ta fara yi mini magana da kanta tun da ta dawo.

"Malama, gobe akwai baƙi?"

"Ba gobe ba, sai Laraba. Me ya sa?"

"Ina son ranar baƙi."

"Don donot?"

Ta girgiza kai. "Ranar baƙi ƙofar tana buɗuwa."

Ta rataya jakarta ta tafi. Na zauna a kujerarta, 'yar ƙaramar nan, gwiwoyina suna taɓa haɓata, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Jumma'a, 3 ga Nuwamba, goma da minti ashirin

Yana aljihuna. Yana aljihuna. Yana aljihuna.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, biyu na rana

Ban ji kalma ɗaya daga wa'azin yau ba. Mun dawo, na ɗora tukunyar ganye a wuta, na gasa burodin masara, na zauna. To bari in rubuta, ko zai bar ni.

Waya ce ta kama a silin korido ta wajen gaba. Hayaƙi ya rufe hanyar fita ta can, ƙararrawa ta tashi. Yarana ashirin da uku suka yi abin da na koya musu. Denaya ce a gaba, ni na naɗa ta shugabar layi don ta fi kowa nutsuwa. Ta danna ƙarfen. Ƙofar ta motsa kamar faɗin yatsa biyu ta tsaya. Na bayanta ba su sani ba, suka ci gaba da turowa.

Makullin ba ya jikina. Yana huda mini aljihu, don haka tun bara nake ajiye shi a durowar tebur, ƙarƙashin takardun jarrabawa. Na bar su na koma aji a guje. Na zazzage durowar a ƙasa. Na same shi, ya suɓuce, na sake ɗauka. Duk wannan lokacin ina jin tafukansu suna dukan ƙarfe. Ba su yi ihu sosai ba. Sunana kawai suke kira.

Ba zan rubuta ƙarar da hannunta ya yi ba.

An kashe wutar cikin minti goma, babu wanda ya mutu, kowa ya ce an auna arziki. Da hayaƙin ya biyo ta bayanmu fa? Da makullin ya shige ƙarƙashin kabad fa?

Clifton ya shigo kicin ya tarar ganyen ya kama. Ya kashe wuta, ya ja kujera. Na tura masa littafin nan don bakina ba zai iya ba. Ya karanta a hankali, da yatsa, yadda yake karanta takardar magani. Da ya gama ya daɗe yana kallon tebur.

"Saboda ni kika yi shiru?"

"Saboda abubuwa da yawa."

"Dessa, shekara talatin da ɗaya ban taɓa hana ki komai ba. Yau zan hana ki. Kada ki rataya 'ya'yan mutane a wuyana. Ba zan iya ɗauka ba, ƙodar ma ta gaza balle wuya."

"To in an kore ni, wa zai wanke maka jinin?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Tsoro nake ji, kada ki ɗauka ba na ji." Ya tashi ya ɗauko cokali ya fara kankare tukunyar.

Talata, 7 ga Nuwamba, uku da rabi na yamma

An goge tayil ɗin ƙasa, an kawo furanni a tukwane, an sauya wa yara uku masu ƙiriniya wurin zama zuwa can baya. Mista Garrity ya tare ni a bakin ƙofa, idonsa ja, da alama shi ma ba ya samun hutu.

"Gobe ƙarfe bakwai ki cire ki kai wa Wanda. Mu tsallake wannan kawai, Odessa. Da zarar sun sabunta, na yi miki alkawari, ƙofa ce farkon abin da zan yi."

Ya faɗi haka bara. Ya faɗa bara waccan. Kuma na san har zuciyarsa yake faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Na ce to.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bakwai da minti ashirin na safe

Ban cire ba tukuna. Akwai lokaci.

Takwas da minti biyar

Yara sun shigo. Wanda ta leƙo daga kicin ta ɗaga mini gira. Na yi kamar ban gani ba.

Tara saura minti biyar

Garrity yana can gaba yana jiran motar Misis Renfro, bai zagayo nan ba. Shekara huɗu ban taɓa mantawa ba, me zai sa ya duba? Alli ya karye mini sau biyu. Har yanzu zan iya. Taku goma sha biyu ne daga nan zuwa ƙofar.

Goma saura kwata

Ina jin takalminta a korido. Tana dariya.

Laraba, biyar na yamma, a gida

Misis Renfro tana da tsarinta da ba ya sauyawa. Daga gaba take farawa, hannu ɗaya riƙe da takarda, ɗaya da kofin kofi, don haka da ƙugu take tura kowace ƙofa, ta buɗe, ta yi maki. Tamu ce ta ƙarshe. Tana tafe tana waiwayen Mista Garrity tana ba shi labarin cunkoson hanya, ko kallon gabanta ba ta yi. Ta sa ƙugu ta tura.

Sarƙar ta yi ƙara. Kofi ya zube mata a hannun riga.

Ina tsaye a bakin aji. Yara ashirin da uku a bayana, ko tari babu.

Garrity ya yi fari fat, amma bakinsa ya fi nawa sauri. "Kash! Masu gyaran waya ne suka sa jiya da yamma don kayansu. Odessa, sun bar miki makulli ko? Mantawa kika yi, ko ba haka ba?"

Ya shimfiɗa mini hanya har da tabarma. Kai kawai zan gyaɗa. Ita ma Misis Renfro ta juyo tana kallona da fuskar mai roƙo, wallahi so take in gyaɗa.

Na ce, "Ban manta ba."

Ta ajiye kofin a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗaga sarƙar, ta ga inda ta cinye fentin ƙarfen har ya yi rami yana ƙyalli. Ta shafa wurin da yatsa.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Ba zai yiwu ba. Sau takwas na tura ƙofar nan da kaina."

"Sau takwas na cire miki."

Ta dubi takardarta, ta dube ni. Sai idonta ya sauka kan Denaya da farar filastarta a bayana, ta daɗe a wurin. An aika mata rahoton gobarar, ta karanta, ta sa a fayil. Na ga lokacin da ta haɗa biyu da biyu. Ta jingina da bango.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" in ji ta.

Ban shirya amsar ba, fitowa kawai ta yi. "Ke me ya sa ba ki taɓa zuwa ba tare da kin faɗa ba?"

Ta miƙo hannu, na ciro makullin na sa mata a tafi. Ita ta buɗe kwaɗon, ita ta zare sarƙar, ta naɗe ta ta sa cikin jakarta mai tsada tare da fayil. Sannan ta ciro waya. Kafin sha biyu jami'in 'yan kwana-kwana ya iso.

Donot ɗin suna nan a ofis, babu wanda ya taɓa.

Jumma'a, 10 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

An dakatar da ni. Takardun wata-wata duk an kwashe an tafi da su Kolumbus, za a tura maganar lasisina gaba. Mista Garrity ne ya miƙa mini wasiƙar. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Yara ɗari biyu da arba'in, Odessa."

Na ce, "Na sani. Ashirin da uku a cikinsu na ji suna kiran sunana."

Wanda ta juya mini baya da na wuce ta kicin.

Litinin, 13 ga Nuwamba, goma da minti ashirin

Makullin ba ya wurina, amma hannuna bai sani ba. Aljihu, aljihu, aljihu.

Laraba, 15 ga Nuwamba, uku na rana

Mama Earlene ta zo har gida. Bas biyu ta hau. Na ce ta shigo, ta ce nan bakin ƙofa ya ishe ta.

"Kin kalli idona," ta ce. "Kin karɓi kek ɗina da hannu biyu."

"Haka ne, Mama."

"Na yi wa yarinyar nan faɗa. Na ce mata rawar kai ne ya jawo mata. Sati huɗu tana jin haka daga bakina, ba ta ce komai ba, don malamarta ba ta ce komai ba."

Ta tsaya tana huci, ta dogara da sandarta da hannu biyu.

"An ce ke kika bar sarƙar don matar nan ta gani."

"Ni ce."

"To. Wannan daban, wancan daban. Ban yafe ba tukuna, kada ki yi zaton na yafe." Ta juya ta sauka matakala ɗaya-ɗaya, ta ƙi in riƙe ta.

Asabar, 18 ga Nuwamba, tara na safe, ɗakin jira

Inshorar za ta tsaya ƙarshen Disamba. Wata ma'aikaciya a nan ta ba ni takardu masu yawa in cika, ta ce akwai hanya, sai dai tana da tsawo. Tsoro bai tafi ko'ina ba. Kawai dai yanzu na san sunansa.

Da muka fito gida da safe na tarar da kwano a kan bonet ɗin mota, an rufe da tawul. Dafaffiyar fulawar nan ce mai cikin dankali da cuku da Wanda take yi irin ta kakarta. Babu takarda. Clifton ya ce, "Wannan zagi ne ko gaisuwa?" Na ce duka biyun.

Talata, 21 ga Nuwamba, huɗu da rabi na yamma

Sun ce in zo in kwashe kayana bayan an tashi. 'Yan Kolumbus ba su rufe makarantar ba, ba su kuma sabunta ba. Sun ce sai Janairu za su yanke, kuma daga yanzu ba za su ƙara faɗin ranar zuwansu ba. An ce an karɓe makarantarmu daga hannun Misis Renfro. Ban san abin da zai faru da kowa ba.

Sabuwar ƙofa tana nan. Kwana biyu aka ɗauka ana sa ta. Kwana biyu.

Ina tattara kifayen takarda cikin kwali, sai na ji motsi. Denaya ce, tana jiran kakarta da ta makara. An rage mata filastar zuwa wuyan hannu. Ba ni take kallo ba, ƙarshen korido take kallo.

"Malama, yau akwai baƙi?"

"Babu."

"To ina sarƙar?"

"Ta tafi."

"Gobe fa?"

"Gobe ma babu ita. Jibi ma."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya taɓa yi maka ƙarya. Ban ce ta yarda ba. Ta ajiye jakarta ta taka a hankali har ƙarshen korido. An rubuta da ja a jikin ƙofar cewa ƙararrawa za ta tashi, kuma ta iya karatu, ni na koya mata. Na san ya kamata in hana ta. Na riƙe kwalina na bar ta.

Ta ɗora hannunta mai lafiya a kan ƙarfen ta danna.

Ƙararrawa ta ɗauka kamar za ta tsaga ginin. Iska mai sanyi ta shigo ta watsa mini kifaye a ƙasa. Na ji gudun Garrity daga ofis, na ji Wanda tana salati irin nata daga kicin. Denaya ba ta fita ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ta tokare ta da kafaɗa, a buɗe, tana kallon waje.

Sai da na isa gida na kashe mota na lura tun daga makaranta ban taɓa aljihuna ba.